Yashin Anti Winifred

Kafin ɗaliban jami'a su fara fitowa daga ɗakunan hayarsu, Anti Winifred ta riga ta tsaya a bakin titin Samaru tana jiran motar Sabon Gari. Kullum da bakko a hannunta, kuma bakkon nan ba ya rabo da nauyi. Direbobi sun san ta, har tsokanarta suke yi: "Anti, yau ma gini za a je yi?" Ita kuwa ta ce, "Gini mana, gari guda zan tayar kafin a tashi tara." Ba ƙarya take yi ba. A cikin bakkon akwai kwalayen ashana da ta tsinto, da tsinkayen tsintsiya, da bututun shan lemo da ta wanke ta shanya, da ƙyallayen atamfa da telolin unguwar PZ ke tara mata. In ta sauka, sai ta taka da ƙafa zuwa Muchia, ta shiga makarantar renon da ta yi wa aiki shekara ashirin da ɗoriya. Kafin ta buɗe aji takan wuce can ƙuryar tsakar makaranta, ta yaye tsohuwar tabarmar da take rufe yashinta da ita saboda kyanwoyi, ta cusa hannu ta bi shi lungu-lungu ko wani abu mai kaifi ya faɗa ciki.

Wannan tafiyar ta ƙare. A ƙarshen zangon da ya wuce aka sallame ta, aka ce shekaru sun ja, ta je ta huta. Ni da nake wannan rubutu na girme ta nesa ba kusa ba, kuma na ga yadda take durƙusawa ta miƙe a tsakiyar yara ba tare da ta dafa gwiwa ba, don haka kada kowa ya kawo mini zancen shekaru. Saboda yashi aka kore ta. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don laifin bai tsaya a kan mai makarantar shi kaɗai ba, iyayen yara ne suka ɗauki kaso mai tsoka. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Abin da ya rage mini a duniya shi ne zuwa coci, da ɗauko jikata Marvellous daga makaranta, da sa baki cikin abin da ba a tambaye ni ba. Nakan zo da wuri don ba ni da abin yi, in jingina da katanga in sha kallo. Abin da na gani da idona zan faɗa, da wanda mutanen da na yarda da su suka shaida mini.

Wurin yashin bai kai girman ɗakin kwana ba, an kewaye shi da tsofaffin tayoyi da aka binne rabinsu. Marigayiya Mama Nwankwo, wadda ta kafa makarantar, ita ta ba Winifred wannan ƙuryar tun tana sabuwar malama, ta ce ta yi abin da ta ga dama da ita. Yashin kuwa ba tifa ce ta juye shi ba. Winifred ce ta riƙa ɗebo shi daga bakin rafin Kubanni ranakun Asabar, kaɗan-kaɗan, ta wanke shi a gida, ta shanya, ta tankaɗe da rariyar gari don kada ɓarɓashin kwalba ko tsohuwar ƙusa ya samu hannun ɗan wani. Duk damina ruwa ya ci wani, duk rana yara su tafi gida da wani a cikin takalma, ita kuma ta koma rafi.

Darasinta na iska yakan fara ne daga igiyar da ta ɗaura tsakanin bishiyar mangwaro da tagar aji, ta rataya mata ƙyallaye launi-launi. 'Yan shekara huɗu da biyar su jeru a gaba, ta tambaye su, "Yau baƙuwarmu ta zo?" In ƙyallayen na rawa su ɗauki ihu, "Ta zo, Anti!" Ta ce, "To, ta ina ta shigo?" Nan za ka ga 'yan yatsu sun tashi, wani ya nuna coci, wani ya nuna wajen tasha, wani ya nuna sama don dai ya ga kowa na nuni. Ba ta cewa wane ya ci, wane ya faɗi. Sai ta sa kowa ya tsoma yatsa a ruwan kofi ya ɗaga, ya ji gefen da ya yi sanyi. Da Turanci take koyarwa kamar yadda dokar makarantar ta ce, amma in ta ga ido ya yi zuru-zuru sai ta juya Hausa, ko Buroka, wato Turancin kasuwa, duk dai wanda zai shiga kan yaro. Iyayenta daga Gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, har ni Bazazzage takan gyara wa Hausa.

Daga igiya sai faranti. Ta zuba dusar katako a gefe, yashi a tsakiya, tsakuwa a ƙarshe, ta ba yaro mafici ta ce ya fifita a hankali. Dusa ta tashi ta bar sauran. Ta ce ya ƙara ƙarfi, yashi ya fara rarrafe. Tsakuwa kuwa ko a jikinta, har yaron ya yi gumi, ajin kuma ya ƙyalƙyale da dariya. Na taɓa jin wani ɗan ƙaramin sarkin taurin kai ya ce, "Anti, wannan tsakuwar ba ta jin magana." Ta ce, "Kamar wa?" Duk ajin suka nuna shi.

Juma'a ce ranar guguwa, kuma ranar babu yaron da ke yarda ya yi zazzaɓi. A cikin ƙuryar yashin suke gina gari da kwalayen ashana, kowane gida da rufin takarda, da titi, da kasuwa, har da coci da masallaci. In an gama, yara su koma gefe guda, kowa da bututunsa ko faifai, ta ƙirga musu, su hura gaba ɗaya. Yashi ya tashi ya cike titi, rufin takarda ya yi sama, masu gidaje su yi ta kururuwa suna tsalle. Sai ta zauna a kan taya ta rafka tagumi, ta ce, "Kash, gari ya lalace. Yanzu yaya za mu yi?" Ba ta taɓa ba su amsa ba. Wani ya tuna cewa babansa ya ɗora tsohuwar taya a kan kwanon shagonsu, sai a ɗora tsakuwa a kan takarda. Wata ta kakkafa tsinkayen tsintsiya a jere ta ce itatuwa ne, a sake hurawa, a ga yashi ya taru a gindinsu bai shiga gari ba. Wani ya yayyafa ruwa. A ƙarshe ta fito da tiren da suka shuka gero a ciki kwanakin baya, ya tsiro kore shar, ta ce su hura iya ƙarfinsu. Su hura har kumatu su yi ciwo, ƙasar tiren ba ta motsa ba. Doka ɗaya ce tak a wurin, kuma ba ta wasa da ita: kowa ya tsaya bayan iska, ba a hurawa wajen fuskar wani.

Winifred, ke ce kika ɗauki abin da ke sa babba ya ruga ɗaki ya rufe ƙofa, kika mayar da shi ɗan ƙarami a cikin faranti har ɗan shekara huɗu ya iya tayar da shi ya kuma tsayar da shi. Ke ce uwar masu tambaya. Na yi shekaru ina kallon malamai, yawancinsu so suke yaro ya yi shiru, ke kuwa in aji ya yi shiru hankalinki tashi yake yi.

Nonye, mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, ita ta ba ni labarin 'yarta Mmesoma. Wata bazara, iskar da ke gabatar hadari ta yaye rufin ɗakinsu suna ciki. Ba wanda ya ji ciwo, amma tun daga ranar, da zarar labule ya motsa yarinyar za ta shige ƙarƙashin gado ta jiƙa wando. An kai ta wurin addu'a, an kai ta kemis, duk a banza. Nonye ta ce mini, "Baba, wallahi na zata yarinyan nan ta lalace ke nan." Da ta shiga ajin Winifred, ranar guguwa ta farko ta maƙale a bayan ƙofa. Winifred ba ta jawo ta ba. Ta ajiye bututu ɗaya a bakin ƙofar, ta ci gaba da harkarta. Makonni suka wuce a haka. Wata Juma'a yarinyar ta fito da kanta, ta ɗauki bututun, ta hura rufin gidan Anti ya faɗi, ta tsaya tana kallonsa. Winifred ta ce, "Kin yaye mini rufi, Mmesoma. Wa zai gyara?" Yarinyar ta mayar da takardar, ta ɗora tsakuwa biyu, ta sake hurawa, rufi ya zauna. Nonye ta ce da hadarin gaba ya taso, Mmesoma ce ta tsaya a bakin taga tana ba su rahoton ta inda iskar ta shigo.

Sebastian mai Keke Napep, wanda ke kwasar wasu yaran zuwa Samaru in an tashi, shi ma yana da nasa. Guguwa ta taɓa tare shi a hanya da yara cike da keke, gari ya yi ja, leda da takardu na yawo a sama. Ya ce shi niyyarsa ya fake a gindin wani babban allon talla. Sai yaran suka yi masa caa: "Onkul, ba a nan ba! Anti ta ce ba a tsayawa ƙarƙashin abin da ke da faɗi!" Ya wuce gaba ya tsaya a fili, ya waiwaya, ya ga duk sun juya wa iska baya, sun ja wuyan riga sun rufe hanci, sun sunkuyar da kai, ba mai kuka. Allon bai faɗi ba, kada in ƙara gishiri. Abin da ya tsaya wa Sebastian a rai shi ne, a cikin keken nan shi kaɗai ne ya firgita.

To, Mama Nwankwo ta rasu, ɗanta Chuks ya dawo daga Abuja ya karɓi makaranta. Shi kansa ɗan ajin Winifred ne, ya ci yashin nan ya ƙoshi, har yau Anti yake kiranta. Ba mugun yaro ba ne, kuma ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya tarar iyaye na kwashe 'ya'yansu suna kaiwa wata sabuwar makaranta mai tayil da talabijin a kowane aji. Ya tambayi dalili, aka buɗe masa guruf ɗin iyaye da ke waya, ya ga abin da ake ta kuka a kai. Safa ce. Dokar makarantar farar safa, kuma 'yan ajin Winifred kan koma gida da safa ruwan ƙasa, in an zazzage takalmi a tara abin da zai cika cokali. Wata ta ɗauki hoton safar ɗanta ta tura, wata ta turo nata, aka shiga gasa.

Mu faɗa wa juna gaskiya, mu mutanen Sabon Gari. Mun san yadda muke auna makarantar reno. Yaro ya dawo tsaf kamar yadda aka kai shi, jakarsa ta fi ƙarfinsa, a ba shi aikin gida da uwarsa za ta zauna ta yi masa, in baƙo ya zo a tsayar da shi ya rero jihohi da manyan biranensu, shi da bai san hanyar gidan kakarsa ba. In ya yi haka mu ce makaranta ta yi kyau. In kuwa ya dawo yana tambayar me ya sa hayaƙin mai ƙosai yau ya karkata wajen masallaci alhali jiya wajen coci ya yi, sai mu ce ya cika surutu, ya je ya cire yunifom.

A taron iyaye da malamai aka yi ta ta ƙare. Madam Remi, mai shagon kayan ɗinki a PZ, uwar wani yaro Oluwatobi, ita ta ja gaba. Ta miƙe ta ce, "Abeg, ni ban kawo yarona nan don ya koyi aikin lebura ba. In wasan ƙasa ne, akwai ƙasa a ƙofar gidana kyauta." Aka tafa mata. Na ɗaga hannu, aka yi kamar ba a gani ba, na miƙe ba tare da izini ba. Na ce, "Jama'a, ku bar yashin nan ma yaran nan. Safa ana wankewa." Wani matashi daga baya ya ce, "Baba, kai kake wankewa?" Aka fashe da dariya. Chuks ya lallaɓa ni da ladabi, ya ce, "Baba, mun ji, mun gode. Amma zamani ya canza, iyaye standad suke so." Winifred na zaune a kujerar yara a gefe, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, babu wanda ya tambaye ta ko tana da ta cewa. Aka yanke cewa a rufe ƙuryar yashi, in an yi hutu a shimfiɗe tsakar makarantar gaba ɗaya da intalok, tubalan simintin nan da ake jerawa a ƙasa. Washegari aka kifa tsofaffin kwanonin rufi a kan wurin, aka danne da bulo.

Winifred ta yi biyayya, wannan kowa ya shaida. Aka ba ta littafi mai hoton bishiya ta karkata, da layi ɗaya na Turanci da ke cewa iska ita ce iskar da ke motsi, ko wani abu mai kama da haka. Ta rubuta a allo, yara suka kwafa, suka rera, suka sake rerawa. Ina jingine da katanga ina jin muryoyinsu ta taga kamar masu karanta sanarwar rasuwa. Marvellous, wadda a da sai na toshe kunne a hanyar gida, ta koma in na ce me aka yi yau, ta ce, "Rubutu." Safarta kuwa fara ƙal, abin sha'awa.

Ana cikin haka bazara ta kai, wata Juma'a da rana hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara buga tagogi, kwanonin da aka kifa a kan yashin suka ɗauki ƙara, 'yan ajin, musamman sababbin shiga waɗanda ba su taɓa gina gari ba, suka ɓarke da kuka. Winifred ta lallashe su, abin ya ƙi. Sai ta jawo wani faranti da ta ɓoye a ƙasan kabad da ɗan ragowar yashi a ciki, ta ce, "Ku zo ku ga abin da ke faruwa a waje, ga shi nan ɗan ƙarami." Kuka ya tsaya, suka kewaye ta. Amma yaran sun kwana biyu ba su yi ba, an manta da dokar tsayawa bayan iska, ɗakin kuma ya yi duhu. Oluwatobi ya zagaya ta gaba don ya gani da kyau daidai lokacin da wata ta hura, yashi ya shiga masa ido.

Ba zan ɓoye wannan ba, ita ma ba ta ɓoye ba. Kuskure ne, kuma ta karya dokar da aka kafa mata. Ta wanke masa ido da ruwa mai tsabta, ta goya shi a cikin yayyafi zuwa asibitin da ke kusa, likita ya duba ya ce babu komai, ya ɗiga masa magani. Da bakinta ta kira Madam Remi ta faɗa mata, ta ba ta haƙuri. Kafin yamma yaron na wasan ƙwallo. Amma an riga an ɗauki hoton jan idon, kuma hoton ya fi yaron saurin zagaya gari. Duk shekarun nan ba a taɓa samun yaro ɗaya da ya yanke a wurinta ba, ba wanda ya tuna da wannan. Da an bar mata filinta a sarari, inda kowa ya san gefen tsayawarsa, da ba ta koma yi a ɓoye cikin duhun aji ba. Wannan ma ba wanda ya faɗa.

Chuks ya kira ta ofis. Ita ta ba ni labarin, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya kasa haɗa ido da ita, ya ce, "Anti, kin yi ƙoƙari, kowa ya sani. Lokaci ya yi da za ki huta." Ta ce, "Na ji, Chuks." Ba ta roƙi a bar ta ba. Abu ɗaya ta nema, a bar ta ta kwashe yashinta. Ta riga ta yi magana da masu kula da ajin yara na cocinsu a Samaru, sun ba ta wani gefe a bayan ɗakin taro, ga 'ya'yan unguwa birjik da ba su da wurin zuwa ranar Asabar. Ya ce, "Haba Anti, wannan ai ba matsala. Ki zo duk ranar da kika shirya." Har da 'yar walima aka yi mata ranar rufe makaranta, aka sha lemo, aka ce ita uwa ce ga kowa. Madam Remi ma ta rungume ta.

Na so a ce iska ta zo ta yaye rufin ofishin nan, ko don in samu abin nunawa da yatsa. Ba ta yaye ba. Damina ta sauka lafiya, yara sun ƙaru, mai makaranta ya yi sabon fenti.

A makon farko na hutu Winifred ta tara buhuna, ta ɗauko Sebastian da kekensa, ni kuma na bi su don in riƙe bakin buhu, aikin da ya rage wa tsoho. Tana ta lissafin yadda za ta tsara sabon wurin, inda igiya za ta bi, da telan da ya yi mata alkawarin ƙyallaye. Muna shiga ƙofar makaranta muka ji ƙarar guduma. Masu intalok sun riga mu. An tumɓuke tayoyin an jibge a gefe, kwanonin na jingine da bango, ƙuryar ta zama rami. Wanda ya san aikin ya san cewa kafin a jera tubalan sai an shimfiɗa yashi a ƙasa. Rabin tsakar makarantar an riga an rufe, sauran rabin kuwa ga yashin Winifred nan an baje shi, fari tas, ana jiran a ɗora masa siminti.

Birkilan wani dattijo ne mai fara'a, yana durƙushe yana daidaita yashin da guntun katako. Ya ɗago ya gan mu da buhuna, ya ce, "Sannunku. Madam, ko naki ne? Oga cewa ya yi mu yi amfani da duk abin da muka tarar. Kai, amma wanda ya kawo yashin nan ya san yashi. Tun da nake aikin nan ban taɓa samun mai laushinsa ba." Sebastian ya kira Chuks a waya, muna ji Chuks ya ce, "Ayya! Wallahi na manta ban faɗa musu ba. Ka ba Anti haƙuri, zan sa a kawo mata tifa guda." Mantawa ya yi. Da gangan ya yi da na fi samun sauƙi, don da na san inda zan ajiye fushina.

Ni na buɗe baki zan yi abin da na saba, Winifred ta ɗaga mini hannu. Ta tsaya tana kallon wurin, sannan ta fara ninke buhunan ɗaya bayan ɗaya, ta danne su a hammata. Ta matsa kusa da birkilan, ta ga yadda yake kaffa-kaffa da yatsunsa yana tura yashin da katako, ta ce, "Malam, sa hannunka kawai, ya fi katakon daidaitawa. Babu abin da zai yanke ka, ni na tankaɗe shi." Ya sa tafin hannu ya shafa, ya ce, "Ai kuwa gaskiyarki." Ta juyo ta ce mini, "Baba, mu tafi, rana na yi."

Tifar ba ta zo ba, kuma ko ta zo ba ita ba ce. Na je gaishe da Winifred a Samaru bayan kwana biyu, na tarar tana tsinke alayyafo a ƙofar ɗaki. Na ce, "'Yata, Kubanni ai bai ƙafe ba. Sai a sake farawa." Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baba, wancan na fara shi ne ina ganin ana so. Yanzu na gaji. Wani ya fara." Tun da na san ta ban taɓa jin kalmar gajiya a bakinta ba sai ranar. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar na haƙura ba.

Winifred, na gode. Na gode a madadin Mmesoma da ke kwana lafiya in hadari ya taso, da yaran keken Sebastian, da jikata, da duk waɗanda suka girma suka zama injiniyoyi da teloli da 'yan kasuwa ba su san inda suka fara koyon tambaya ba. Na gode a madadin Chuks ma, tunda shi bai samu bakin yi ba. Ke ce kika durƙusa daidai tsayin 'ya'yanmu shekara da shekaru, muka saka miki da lemo da runguma. Allah ya biya ki, don mu dai mun kasa.

Ku kuma matasan malamai da ke fitowa daga kwaleji, ta ce wani ya fara, kuma da ku take. Ba a bukatar izinin kowa kafin a cika tsohon baho da yashi mai tsabta a ajiye a inuwa. Za a yi muku gunaguni, wataƙila a kira ku ofis, ku dai ku fara. Iyaye kuma, in Allah ya haɗa ɗanku da irin wannan malama, ku tsaya mata tun tana cikin aji, kada ku jira ranar walima.

Marvellous tana da ƙane, Brian. Tun bara yake jin labarin ranar guguwa a bakin yayarsa, yana ta atisaye da bututun lemo a kan garin tuwon uwarsa yana shan duka. Zangon nan shi zai shiga ajin da Winifred ta bari, an ɗinka masa yunifom, ya gwada ya ƙi cirewa. Jiya muna cin abinci ya ɗago ya ce, "Kaka, ran Juma'a ni zan fara hurawa ko?" Na ce masa ya gama cin abincinsa tukuna.